Babi na Huɗu: Inda Kirki Ya Haɗu da Dangi

Duk wanda ya zauna ajin Turanci ya taɓa cin karo da wata kalma mai fuska biyu. Yau malam ya ce *kind* na nufin iri, kamar a ce wane irin yadi ko wace irin mota. Gobe kuma ya ce *kind* shi ne mai kirki, *kindness* kuwa shi ne kirkin kansa. Sai ɗalibi mai kaifin kai ya ɗaga hannu: Malam, me ya haɗa iri da kirki? Akwai wata tambayar da ta fi wannan yawo a bakin mutane, wadda takan taso duk ranar da aka ce yaro ya lissafa 'yan gidansu da Turanci. Yaya aka yi harshen da ake kurantawa da yawan kalmomi ya kasa raba kawu da baffa, ya haɗa su ya ce *uncle*, ya haɗa goggo da inna ya ce *aunt*?

A ido, tambayoyin nan biyu ba su haɗa hanya ba. Amma in aka bi sawunsu gida ɗaya suke komawa, domin dukansu sun samo asali ne daga yadda zumunci ya sauya a ƙasar Ingila cikin shekara dubu.

Saiwa ɗaya

Mu fara da *kin*, gajerar kalma tsohuwa mai ma'anar dangi. Turawan Ingila na farko, waɗanda kakanninsu suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Denmak wajen ƙarni na 5, *cynn* suke rubuta ta. A wurinsu ta ƙunshi dangi da zuriya da ƙabila, har da jinsin dabba ko tsiro. Tana da 'yar'uwa da suka fito tsatso ɗaya, *gecynd*, wato halitta, ɗabi'ar da aka haifi abu da ita. Da tafiya ta yi tafiya sai gaɓar farko ta zube, aka bar *kind*.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, don haka kalmarmu ta iri take. Iri manomi ke ɓoyewa don shukar baɗi, iri ake tambaya a shagon yadi, kuma in tsohuwa ta taɓe baki ta ce ba ta son a haɗa iri da gidan su wane, zancen jini take yi.

To ina kirki ya shigo? Siffar kalmar a tsohon Turanci tana nufin abin da ya dace da halitta. A ganin mutanen wancan zamani kuwa, ba abin da ya fi dacewa da halittar ɗan Adam kamar ya ji ƙan jininsa. Uwar da ta hana idonta barci kan jaririnta, da ɗan da ya ɗauki nauyin tsohonsa, suna yin abin da aka halicce su a kansa ne. Zuwa wajen shekarar 1300 kalmar ta riga ta ɗauki ma'anar taushin zuciya da kyautatawa. Asalin *kindness* ke nan: ka riƙi mutum kamar naka. Shi ya sa a da *unkind* ta fi ta yanzu nauyi nesa ba kusa ba. Yau wanda ya yi maka magana mai zafi ake nufi. A da kuwa wanda ya saɓa wa halitta ake nufi, irin ɗan da ya juya wa mahaifinsa baya.

Shakespeare ya san wannan sarai. A wasansa na Hamlet, wanda ya rubuta wajen 1600, baffan yarima ya kashe wansa, ya auri matar, ya haye gadon sarauta, sannan ya juyo a gaban fada yana kiran yaron ɗansa. Maganar farko da ta fito daga bakin Hamlet gugar zana ce da aka gina kan *kin* da *kind*. 'Yan kallo na lokacin ba su buƙaci bayani ba, don a kunnensu kalmomin nan biyu har yanzu 'yan ɗaki ɗaya ne.

Sauran 'yan gidan ba su da wuyar ganewa. *Kindred* dangi ne gaba ɗayansu. *Kinsman* da *kinswoman* ɗan'uwa da 'yar'uwa na jini. *Kinship* ita ce dangantakar kanta, kuma sabuwa ce a kan sauran. *Mankind* jinsin ɗan Adam. Har *king*, sarki, mafi yawan masana daga nan suke ganin ta fito: *cyning*, ɗan dangi, wanda ya fito daga gidan da ya dace. A Jamusanci kuwa wannan saiwar ce ta ba da kalmar yaro, kuma da ita Friedrich Fröbel ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara suna a 1840, *kindergarten*, lambun yara.

Wanda ya yi karatun zaure zai tuna cewa Larabci ma ya bi irin wannan hanya. Rahim mahaifa ce, kuma ita ce zumunci, sannan daga baƙaƙenta uku aka sami rahama. Larabci da Turanci ba dangi ba ne, babu wanda ya ara daga wani. Kowannensu da kansa ya gano cewa a cikin gida ɗan Adam yake fara koyon tausayi.

Lokacin da dangi ke biyan jini

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, tsohon Turanci yana da kawu da baffa. Ɗan'uwan uwa *eam* ne, ɗan'uwan uba *faedera*. 'Yar'uwar uba *fathu*, 'yar'uwar uwa *modrige*. Kalmomi huɗu cif, kamar yadda muke da kawu da baffa da goggo da inna.

Ba don ado suke riƙe da su ba. A Ingila ta wancan zamani babu 'yan sanda, dangin mutum su ne garkuwarsa. In aka kashe wani, danginsa ke da haƙƙin ɗaukar fansa, ko kuwa su karɓi kuɗin jini da ake kira *wergild*, farashin mutum. A yankin Wessex jinin talaka mai 'yanci sule 200 ne na wancan zamani, na basarake 1,200. Dangin wanda ya yi kisan su ke taimaka masa ya biya, kuma doka ta raba wa kowane ɓangare nasa. A dokokin Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, an rubuta cewa in mai kisan ba shi da dangin uba, dangin uwarsa su biya kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya karanta babin diyya a fiƙihu, ya san yadda aƙila ke ɗaukar diyyar kisan kuskure, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Inda kuɗi da rai suka rataya kan ko mutum ta uwa yake ko ta uba, dole harshe ya ba kowa sunansa.

Kawu ma yana da matsayi na musamman. A tsohuwar waƙarsu ta jarumtaka, Beowulf, jarumin ɗan 'yar'uwar sarkin da yake yi wa hidima ne, kuma wannan dangantaka ta kawu da ɗan 'yar'uwarsa tana cikin mafi ƙarfi da suka sani.

Yadda aka rasa kawu

A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Daga nan fada da kotu da manyan gidaje suka koma Faransanci na tsawon ƙarnoni. Kalmomin cikin ɗaki sun tsira: *father, mother, brother, son, daughter* duk na gado ne. Amma da zarar an fita daga ɗakin uwa da uba, kusan komai na aro ne: *uncle, aunt, cousin, nephew, niece*, har da *grand* da ke gaban sunan kaka da jika.

Abin dariyar shi ne, a Latin, inda Faransanci ya gaje su, kowace tana da gefenta. *Avunculus*, wadda ta zama *uncle*, kawu ne kawai, ɗan'uwan uwa. *Amita*, wadda ta zama *aunt*, goggo ce kawai. *Consobrinus*, wadda ta zama *cousin*, ɗan inna ne. Kafin su iso Ingila sun riga sun zubar da wannan bambanci a hanya. Tsohuwar *eam* ta daɗe tana lallaɓawa a karin harshen arewacin ƙasar kafin ta ɓace.

Yaƙi kaɗai ba ya kashe kalma in mutane na da buƙatarta. Buƙatar ce ta ragu. Kotun sarki ta karɓe hukuncin kisa daga hannun dangi, kuɗin jini ya mutu. Filaye suka koma bin babban ɗa namiji shi kaɗai. Coci kuma ta hana auren zumunci da tsananin gaske, har zuwa zuriya ta bakwai, kafin babban taron da aka yi a Roma a 1215 ya rage zuwa ta huɗu. Masana tarihi da dama na ganin wannan hani ya taimaka ƙwarai wajen warware manyan dangi, tunda kowane aure sai an nemo bare. Peter Laslett na Jami'ar Kambirij, da ya bi tsofaffin takardun ƙidayar ƙauyuka, ya tarar cewa tun daga ƙarni na 16 matsakaicin gida a Ingila bai kai mutum biyar ba, har da barori a ciki. A irin wannan gida kawu da baffa duk baƙi ne da ke zuwa ranar biki, kuma babu abin da ɗaya zai yi maka wanda ɗayan ba zai yi ba. Suna ɗaya ya wadatar.

*Cousin* ce ta fi kowa ɗaukar kaya. A zamanin Shakespeare kusan duk ɗan'uwan da ba na ɗaki ɗaya ba *cousin* ne, shi ya sa baffan Hamlet ma ya kira shi da ita. Daga baya aka shigo da lissafi. *First cousin* shi ne wanda kuka haɗa kaka. *Second cousin* wanda kuka haɗa kakan iyaye. In an ƙara *once removed*, ana nufin akwai tazarar zuriya ɗaya tsakaninku, misali kai da ɗan *cousin* ɗinka. Bahaushe ba ya wannan lissafi, yaron nan ɗansa ne kawai, in ya yi laifi ya tsawata masa. Amma kuma akwai abin da muke gani wanda lissafin nan ba ya gani. Ɗan baffanka ɗan'uwa ne, ɗan kawu ko ɗan goggo kuwa taubashi ne, abokin wasa, kuna iya tsokanar juna a gaban jama'a ba mai jin haushi. Turanci ba shi da inda zai ajiye wannan. Haka nan *brother* ba ta gaya maka wa ne ko ƙane, abin da a wurinmu shi ke nuna wanda zai fara gaida wani. *Half-brother* kuma ba ta ce ta uwa aka haɗa ko ta uba ba, alhali duk wanda ya tashi a gidan mata fiye da ɗaya ya san nisan da ke tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uba.

Kada a ɗauki wannan a ce Bature ba ya son danginsa. Yawan kalmomi ba ma'aunin zuciya ba ne. Abin da harshe ke adanawa shi ne bambancin da ke da tasiri a gado da aure da shari'a.

Surukai da agola

Me ya sa suruki ya zama *father-in-law*, uba a doka? Wace doka? Ta coci ce. A ƙa'idarta aure na mai da dangin matarka naka, don haka yadda ba za ka auri ƙanwarka ba, haka ba za ka auri ƙanwar matarka ba, ko bayan matar ta rasu. Ita ƙanwa ce a idon dokar coci, *sister-in-law*.

Wannan ƙa'ida ta taɓa girgiza ƙasa. A 1509 Sarki Henri na 8 ya auri Katarina ta Aragon, matar wansa Arthur da ya rasu, bisa izini na musamman daga Fafaroma. Da ya so rabuwa da ita, hujjar da ya kafa ita ce auren tun asali haramtacce ne. Fafaroma ya ƙi warware shi, rigimar ta kai ga ɓallewar cocin Ingila daga Roma a 1534. Auren ƙanwar matar da ta rasu kuwa, abin da a ƙasar Hausa sau da yawa dangi ne da kansu ke ba da shawararsa don marayu su tashi a hannun innarsu, sai a 1907 majalisar Birtaniya ta halatta shi bayan an shafe shekaru ana kai ruwa rana.

*Step* da ke cikin *stepmother* da *stepson* ba ta da alaƙa da taki ko matakala. Tsohuwar kalma ce ta rashi. *Steopcild* maraya ne, domin a zamanin da saki ke da wuya, mutuwa ce kusan kaɗai ke kawo wa yaro matar uba ko mijin uwa. Kalmar *step* ce ke ɗaukar agola da ɗan miji duka.

*Family* ma ba daga jini ta faro ba. A Latin *familia* duk waɗanda ke ƙarƙashin maigida ne, musamman bayi da barori. Kalmarmu ta iyali, wadda muka aro daga Larabci, ita ma waɗanda mutum ke ɗauke da nauyinsu take nufi.

Waɗanda suka saki hanya

Akwai wata tsohuwar kalma, *sib*, mai nufin zumunci da zaman lafiya a haɗe. A al'adar Kirista, ranar da za a yi wa jariri baftisma iyaye kan zaɓi wani ya tsaya masa a matsayin uba ko uwa ta addini. Wannan mutum ya zama *godsibb*, ɗan'uwa saboda Allah. Sannu a hankali kalmar ta koma nufin aminiya, musamman matan da ke taruwa a ɗakin mai naƙuda. Maza ba sa shiga, ƙofa a rufe, ana jiran haihuwa awa da awanni. Me za a yi in ba hira ba? Wance ta yi kaza, mijin wance an gan shi wuri kaza. Zuwa ƙarni na 16 kalmar ta zama sunan mai yawan surutu, daga baya ta zama sunan surutun kansa. Ita ce *gossip*, gulma. Lura da cewa maza ne suka fi riƙe alƙalami a lokacin, kuma hirarsu ta mashaya ba ta samu irin wannan suna ba.

'Yar'uwar *gossip*, wato *sibling*, ta mutu ɗaruruwan shekaru, sai wajen 1903 masu binciken gadon halitta suka tono ta, don suna neman kalma ɗaya da za ta haɗa wa da ƙane da ya da ƙanwa. Shi ya sa har yau take da ƙamshin takarda. Ba wanda ke kiran ɗan'uwansa da ita.

Saiwar *nephew* kuwa ta haifi kalmar da kowane mai karanta jarida ya sani. Fafaromomi ba sa aure, amma suna da 'ya'yan 'yan'uwa, kuma an daɗe ana ganin sabon Fafaroma ya ɗauko ɗan ɗan'uwansa ya ba shi babban muƙami da dukiya. Daga sunan ɗan ɗan'uwa a harshen Italiya aka ƙera *nepotism*, fifita dangi a muƙami. Abin ya yi ƙamari har Fafaroma Innocent na 12 ya fitar da dokar taƙaita shi a 1692. A nan mun iso wani lungu mai ban sha'awa. Harshen da ya fara da cewa kirki shi ne ka kula da naka, ya zo ya aro sunan laifi ga wanda ya kula da nasa da abin da ba nasa ba.

Ɗan asali

Saiwar da ta ba da *kin* ta bi ta Latin ma, inda ta zama *genus* da *gens*, zuriya da gida. Daga nan kalmomin kirki biyu suka shigo Turanci. *Gentle* a farko ɗan babban gida take nufi, *gentleman* mutumin da ya gaji suna da fili. *Generous* ita ma haifaffen gidan sarauta ce ma'anarta lokacin da ta shigo a ƙarshen ƙarni na 16. Da yake ana sa ran ɗan babban gida ya zama mai taushin hali da sakin hannu, sai halin ya ƙwace sunan. Yau *gentleness* taushin hali ne, *generosity* karamci da kyauta, ko da mai su ɗan leburan kasuwa ne.

Mu ma muna yi. In yaro ya nuna ladabi sai a ce ɗan asali ne, ko ɗan babban gida. Sai dai a duba ɗaya gefen. *Villain*, mugu, asalinta manomin ƙauye ne mai aiki a gonar ubangida. Masu fili su suka raba sunayen, suka ɗauki na kirki, suka bar wa talaka na mugunta.

Kirki ya fita waje

A daidai ƙarnonin da sunayen dangi ke raguwa, sunayen alheri ƙaruwa suke yi. Turanci ya yi kamar magidancin da ya rushe ɗakunan cikin gida ya faɗaɗa zaure. Mafi yawan sababbin kalmomin ta hanyar coci da Faransanci suka shigo, kuma abin da ya haɗa su shi ne ana yin su ga wanda ba naka ba.

*Charity* daga *caritas* take, ƙauna, kuma a fassarar Baibul ta 1611 da ma'anar ƙauna aka yi amfani da ita a wurare da dama. Yau ta sauko ta zama sadaka da ƙungiyar agaji, har ta ɗan yi sanyi. Bature mai jin kansa zai iya ɓata rai in ya ga ana yi masa ita.

*Mercy* ta fi ban mamaki. Asalinta *merces*, ladan aiki, dangin kalmomin da suka ba da *merchant* da *market*. Malaman Kirista suka yi amfani da ita ga sakamakon da Allah zai ba wanda ya taimaki mara ƙarfin rama masa, daga nan ta koma sunan jin ƙan kansa. Lada a Hausa ma haka take da ƙafa biyu, ta ɗan dako da ta lahira. A yau *mercy* sassauci ne daga mai iko: alƙali ga mai laifi, Ubangiji ga bawa.

*Pity* da *piety* kalma ɗaya ce ta rabu biyu. A wurin Romawa *pietas* biyayya ce ga iyaye da alloli da ƙasa, wato ita ma daga gida ta fito. Ɗaya ta zama tsoron Allah, ɗaya ta zama tausayi, amma tausayin da ke kallo daga sama, wanda ba kowa ke son a yi masa ba. *Compassion* daga Latin da *sympathy* daga Girkanci ma'anarsu ta asali ɗaya ce, a sha wahala tare. A amfani, ta biyu ita ake rubutawa a takardar ta'aziyya, ta farko kuwa tana da nauyin da ke sa mutum ya tashi ya yi wani abu. Autarsu *empathy*, ka ji abin da wani ke ji kamar a jikinka, masanin halayyar ɗan Adam Edward Titchener ne ya ƙera ta a 1909 don fassara wata kalmar Jamusanci.

A tsakiyarsu duka *kindness* ta zauna, ita ce ta yau da kullum, wadda ba ta buƙatar mai yi ya fi wanda aka yi wa. Kuma ta yi nisa da gida har ta kai yau an fi yabon mutum da ita in baƙo ya yi wa. Abin da ka yi wa mahaifiyarka ba a cika kiransa *kindness* ba, wajibi ne.

Tsohuwar ma'anar dai ba ta mutu ba, takan leƙo in an matsa. Akwai furucin *kith and kin*, dangi da sanayya, inda *kith* ke nufin waɗanda aka sani, 'yan ƙasarku. A Nuwamban 1965 Ian Smith ya ayyana 'yancin kan Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, don Turawa 'yan tsiraru su ci gaba da mulki. A Birtaniya, masu adawa da a tura soja wannan furuci suka riƙa maimaitawa: ba za a ɗaga makami a kan jini ba. Miliyoyin baƙar fata na ƙasar ba su shiga lissafin ba.

Layin da ke kan fom

Wurin da mafi yawanmu ke haɗuwa da *kin* ba littafi ba ne. A banki ne, ko asibiti, ko ranar ɗaukar aiki, inda ma'aikaci zai nuna maka wani layi da biro ya ce ka cike *next of kin*. Za ka ga mutum ya dakata yana tunani. In ya sa uwargida, amarya za ta ji. In ya sa babban ɗa, ƙannensa fa? Wasu har ɓoye abin da suka rubuta suke yi, don sun ɗauka duk wanda aka sa shi zai kwashe abin da ke asusun.

Ba haka ba ne. *Next* a nan tsohuwar ma'anarta take ɗauke da ita, mafi kusa. Ana tambayarka ne wa za a nema in wani abu ya same ka. Sa sunan mutum a layin nan ba ya mai da shi magaji, ba ya kuma cire kowa daga gado. Rabon dukiyar Musulmi yana bin ƙa'idar mirasi, na wasu yana bin wasiyya ko dokar da ta shafe su, kuma banki kan nemi takardar kotu kafin ya saki kuɗin mamaci. Don haka wanda ya fi dacewa da layin shi ne mai hankali, mai amana, wanda wayarsa ke shiga.

Ita wannan *next* daga tsohuwar kalmar kusa ta fito, *neah*, kuma ita ce a farkon *neighbour*, maƙwabci, wanda ke zaune kusa. Can za mu nufa a babi na gaba, wurin mutanen da zama da abinci suka haɗa ba jini ba. Za mu ga yadda *lord*, da duk girmanta, ta faro daga mai gadin burodi, *lady* daga mai kwaɓa shi, *companion* kuma daga wanda kuke ci tare.